Matar Soja Da Marayunsa: Haƙƙi Ne Ko Alfarma?

 

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu, wato ranar da yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare a 1970, akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Shugaban ƙasa a Abuja da gwamnoni a jihohinsu su ajiye furanni, a busa begila, a harba bindiga sama, a saki fararen tattabaru, sannan kowa ya shiga motarsa ya koma gida. To, washegari fa? Sojan da nakiya ta cire wa ƙafa yana nan kan keken guragu, matar da aka aiko wa da kayan mijinta a jaka kuma tana nan tana lissafin kuɗin makarantar yara.

Tambayar da nake so mu tattauna yau ita ce: abin da hukuma ke bai wa sojan da ya nakasa, da wanda ya tsufa, da iyalin wanda ya faɗi a bakin daga, na kuɗin magani da kuɗin karatun yara da diyyar nakasa, kyauta ce ake yi masu saboda tausayi, ko kuwa bashi ne ake biya? Kada ki ce mijina ba soja ba ne, ina ruwana. Amsar da kika bayar ita za ta nuna irin idon da za ki kalli matar nan da shi. Wadda aka yi wa alfarma kanta a sunkuye yake, ko rabi aka ba ta sai ta yi godiya, ba ta da bakin tambayar saura. Amma mai bin bashi, in ta zo karɓa, wanda ya jinkirta biya shi ya kamata ya ji kunya.

Me soja ya bayar?

Kowane ma'aikaci yana sayar da lokacinsa da ƙarfinsa. Malamin makaranta in aiki ya ishe shi sai ya rubuta takarda ya ajiye. Direba in ya ga hanya ba kyau yana iya cewa yau ba zan fita ba. Soja ba shi da wannan damar. Ranar da ya yi rantsuwa ya miƙa wuya ne cewa za a iya tura shi inda kowa ke gudu, in kuma ya juya baya a gurfanar da shi gaban kotun soja. Albashin wata kuɗin aikin wata ne. Ba wanda zai ce albashin kurtu shi ne kuɗin idonsa ko na ƙafarsa, balle na ransa.

Kin ga ashe akwai alkawari a tsakani ko da ba a furta shi ba. Shi ya ce zan tsaya a gaba domin ku yi barci, jama'a kuma ta bakin hukuma suka ce in wani abu ya same ka mun ɗauke maka abin da ka bari. Shi ya cika nasa da jikinsa. Saura namu, kuma alkawari kaya ne. Ba uban da zai iya tsayawa daram gaban wuta alhali zuciyarsa na raya masa cewa in ya mutu 'ya'yansa talla za su koma.

Magabatanmu haka suka fahimci abin. Imam Bukhari ya ruwaito cewa wata matashiyar mace ta tare Sayyidina Umar (RA) a hanyar kasuwa, ta ce mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, ba gona ba dabba, kuma ita 'yar Khufafu bin Ima'i ce, wanda ya halarci Hudaibiyya. Nan take Umar ya kamo ƙaƙƙarfan raƙumi, ya ɗora masa buhu biyu na abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakani, ya damƙa mata akala. Wani ya ce ai an ba ta da yawa. Umar ya yi masa faɗa, ya tuna masa cewa mahaifinta da ɗan'uwanta sun daɗe suna kewaye da wata ganuwa har suka buɗe ta, ga shi yau mu ne ke cin amfanin. Ki lura da hujjar da ya kafa. Talaucinta a fili yake, amma abin da ya ambata shi ne aikin da mutanen gidanta suka yi wa al'umma.

Umar ɗin nan dai shi ya kafa diwani, wato rajistar da aka rubuta sunayen mayaƙa da iyalansu da abin da kowa zai karɓa daga baitulmali duk shekara. Da ya gano cewa wasu mata na gaggawar yaye jariransu saboda sai an yaye yaro ake sa shi a rajista, sai ya ba da umurni a rubuta kowane jariri tun daga haihuwa. Hikimar rubutawa ita ce a raba haƙƙin mutum da halin mai bayarwa. Yau mai mulki na da kirki, gobe wani ne, amma abin da ke rubuce yana nan.

Yadda aka sha cin moriyar ganga

Tarihin sojojinmu na Afirka ta Yamma cike yake da alkawuran da aka karya. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta kwashi dubban samari daga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya ta kai su dazukan Bama su yaƙi Japanawa, kuma Hausa na cikin manyan harsunan da ake magana da su a rundunar. Da aka gama yaƙi a 1945, kuɗin sallamar baƙin soja bai kai na takwaransa Bature ba. A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna kukansu kan haƙƙoƙinsu, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Odartey Lamptey.

A ɓangaren Faransa abin ya fi muni. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka harbe sojojin Afirka da suka dawo daga kurkukun Jamus, laifinsu kawai sun nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. A 1959 kuma Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mulka, har da Nijar, ya zama ba ya ƙaruwa alhali na 'yan Faransa na hawa. Ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Amurka ma ta bi ta wannan hanyar. A 1932 dubban sojojin da suka yi yaƙin duniya na farko suka yi sansani a Washington suna neman a biya su wani kuɗi da aka yi masu alkawari, gwamnati ta turo sojoji suka kore su, aka ƙone bukkokinsu. Wannan abin kunya na cikin dalilan da suka sa a 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ake kira GI Bill, wadda ta ɗauki nauyin karatu da koyon sana'ar waɗanda suka dawo daga yaƙi. Zuwa 1956 kusan mutum miliyan 7.8 sun amfana da ita, ko da yake an tauye baƙaƙen fata da yawa, musamman a kudancin ƙasar. A 2008 aka yi sabuwar doka wadda ta ba soja damar, bisa wasu sharuɗɗa, ya miƙa haƙƙinsa na karatu ga matarsa ko 'ya'yansa. Ita kuwa nakasa awo ake yi mata daga kashi 0 zuwa 100, a biya mutum duk wata gwargwadon awonsa. Akwai kuma inshorar lafiya ga mata da 'ya'yan wanda ya nakasa gaba ɗaya.

Ba wai yabon yaƙe-yaƙen Amurka nake yi ba, duk mun san abin da ya sami mutanen Iraƙi da Afganistan. Darasi ɗaya nake so ki ɗauka. Sojojinsu da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a waɗannan ƙasashe sun yi shekaru ana ce masu su kawo hujjar cewa hayaƙin ne ya jawo masu ciwon daji ko ciwon huhu. A 2022 aka yi doka cewa wanda ya yi aiki a wuraren kuma ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, a ɗauka aikin ne sanadi, ba sai ya kawo shaida ba. Wannan shi ne bambancin haƙƙi da alfarma a aikace: waye za a ɗora wa wahalar kawo hujja, majinyacin da ke kwance ko hukumar da ta tura shi?

Mu dawo gida

Sojojin Nijeriya sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sun je Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, daga baya Saliyo, tun 2009 kuma suke fama da Boko Haram a arewa maso gabas, ga 'yan bindigar daji a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja. Ba za a ce ba a tanadi komai ba. Akwai hukumar fanshon sojoji a Abuja, akwai kamfanin inshorar lafiya na ma'aikatar tsaro da ake kira DHML, akwai asibitin sojoji na 44 a Kaduna inda ake jinyar waɗanda aka ji wa rauni, akwai cibiyar koyon sana'a a Oshodi ta Legas domin masu shirin ritaya, rundunar soja kuma tana da tsarin tallafin karatu ga 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki.

Amma ki dubi wannan. A watan Maris 2024 aka kashe sojoji 17 a ƙauyen Okuama na jihar Delta. A wajen jana'izarsu babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya ce sun bar mata 10, uku daga cikinsu da juna biyu, da marayu 21. Shugaba Tinubu ya sanar da ba iyalansu gidaje, da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu har jami'a, har da na cikin ciki, ya kuma ce a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Abu ne mai kyau, Allah Ya sa a ɗore. Sai dai kurtun da ya faɗi shi kaɗai a wani daji, wanda ba a nuna jana'izarsa a talabijin ba, jininsa da nasu ɗaya ne, marayunsa ma haka. In har kwana 90 ya isa a biya waɗancan, me zai hana ya zama ƙa'ida ga kowa? A ƙarshen 2024 da farkon 2025 an ga tsofaffin sojoji, wasu da furfura, sun tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Ruwa ba ya tsami banza.

Wa ke ɗauke da raunin?

In aka sallami soja daga asibiti, jinya ba ta ƙare ba, wuri kawai ta canza. Matarsa ce za ta kai shi banɗaki, ta wanke miki, ta bi layin karɓar magani, ta kuma nemo abin da za a ci. Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Mutum ya dawo da gaɓoɓinsa cikakku amma ba ya barci, ƙarar faɗuwar kwano ta firgita shi, abu kaɗan ya hau yara da duka, wani ma ya faɗa shaye-shaye. Mu kan ce aljanu ne ko sammu, alhali likitocin ƙwaƙwalwa sun san ciwon, firgicin yaƙi ne, kuma yana da magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. A Amurka tun 2010 akwai dokar da ke biyan alawus ga wanda ke jinyar sojan da ya ji mummunan rauni a gida, kuma galibi matarsa ce. Dokar ta yarda cewa jinya aiki ce mai cin lokaci da lafiya.

In kuwa rasuwa ce, sau da yawa takaba ta wata huɗu da kwana goma ba ta ƙarewa sai wata fitinar ta taso, kuma wannan daga cikinmu take fitowa. Soja kan rubuta sunan makusancinsa a takardun aiki tun yana saurayi, ya sa wansa ko ƙanensa, ya yi aure ya haihu bai canza ba. Ranar biya sai a damƙa wa mai sunan, shi kuma ya ɗauka rabonsa ne ya tsaga. Ga gidan bariki dole wata rana a tashi. Haka mace za ta tsinci kanta a gidan iyayenta da yara huɗu hannu rabbana.

Wannan ba sabon abu ba ne. Bayan yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, matar Sa'adu bin Rabi'i (RA) ta zo wa Manzon Allah (SAW) da 'ya'yanta mata biyu, ta ce ubansu ya yi shahada tare da kai, baffansu kuma ya kwashe dukiyar duka. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa a kan haka hukuncin gado ya sauka, aka umurci baffan ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, uwarsu ɗaya cikin takwas, ya riƙe saura. Saboda haka wanda sunansa ke takarda ya ji tsoron Allah, amana aka ba shi ya karɓo. Yadda za a raba kuɗin kuwa, wanne ne gado wanne ne na yara kaɗai, a kai wa malamai masana gado da alƙali su tantance. Ba za mu zargi hukuma da cin haƙƙin maraya ba alhali mu ma muna ci a cikin gida.

Inda zuciya ke gardama

Na san akwai mai karanta wannan da zuciyarta ke tafasa. Wataƙila soja ne ya mari mijinta a shingen bincike, ko aka kama ɗan'uwanta ba a sake ganinsa ba. Za ta ce, yanzu ni za a ce in tausaya wa matar soja? 'Yar'uwa, ciwonki gaskiya ne, ba kuma wanda ya isa ya ce ki manta. Sojan da ya yi zalunci a hukunta shi, kuma neman a hukunta shi wajibi ne. Amma addininmu ya koya mana cewa wani ba ya ɗaukar zunubin wani. Yarinya 'yar shekara shida da aka koro daga makaranta saboda kuɗin zango, me ta yi maki? Kuma ki duba da kyau, sojan da aka bari da yunwa, ya ga yadda aka wulaƙanta iyalin abokinsa da ya mutu, shi ya fi saurin miƙa hannu a kan hanya da huce haushi kan talaka. Tauye haƙƙinsa ba ya rage zalunci, ƙara shi yake yi.

Wata kuma za ta ce, me ya sa sai soja? Manomin da aka kashe a gonarsa fa, da matan da ke sansanin gudun hijira? Gaskiya ne, duk suna da haƙƙi a kan hukuma, kuma bai halatta a yi amfani da wani a manta da wani ba. Bambancin shi ne manomi musiba ce ta same shi inda yake, soja kuwa mu muka aike shi inda musibar take, da sunanmu da kuɗinmu. Wanda ya yi aike shi ke da alhakin ɗan aike.

Haka nan ba a tambayar addinin mai haƙƙi kafin a biya shi. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaji cewa Umar ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali, yana mai cewa ba a yi adalci ba in aka ci ƙuruciyar mutum aka yar da shi da ya tsufa. Matar soja Kirista da ke maƙwabtaka da ke, hawayenta da naki iri ɗaya ne.

Sai masu cewa ta yi haƙuri, Allah Zai saka mata. Haƙuri ibada ce tsakaninta da Ubangijinta a kan rashin da ta yi. Bai hana ta neman abin da yake nata ba, ai matar Sa'adu ba a ce mata ta koma gida ta yi shiru ba. Wanda ke riƙe da haƙƙin mutum kuma yana yi masa wa'azin haƙuri, shi ya fi bukatar wa'azi.

Namu kason

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In mijinki ko ɗanki ko ƙanenki soja ne, ki lallaɓa shi ya sabunta takardunsa, ya sa sunan matarsa da 'ya'yansa, a ajiye takardar aure da ta haihuwar kowane yaro da lambar aikinsa wuri guda. Yin haka ba ya jawo mutuwa, kamar yadda rubuta wasiyya ba ya jawo ta. In kina da ilimin boko, ki raka wadda ba ta iya karatu ba zuwa ofis, ki cike mata fom, ki ajiye mata kwafin duk abin da ta miƙa, domin da yawa haƙƙinsu na salwanta ne saboda ba su san ma akwai shi ba. Ƙungiyoyinmu da makarantun Islamiyyarmu su san marayun da ke unguwarsu, a yafe masu kuɗin wata ba tare da an kira sunansu gaban 'yan aji ba. Masu neman ƙuri'armu kuma in sun zo, mu tambaye su dokar da za su kawo a kan wa'adin biyan iyalan mamata.

Sannan mu gyara harshenmu. Kalmar 'yar bariki da muke jifan matan sojoji da ita ta sa wasu na jin nauyin shiga cikinmu ko da suna cikin ƙunci. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) a yaƙin Mu'uta ya iso Madina a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya je gidansa da kansa, ya rungumi 'ya'yansa, ya kuma umurci a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Ya kuma sanar da mu, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya kula da iyalin mai fita yaƙi da alheri yana da rabo a ladan fitar. Kwanon tuwon da za ki aika ba zai maye gurbin fansho ba, kuma bai sauke wa hukuma nauyinta ba, amma shi ne abin da ke hannunki yau, a kansa kuma za a tambaye ki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba majinyata lafiya, Ya raya marayu, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya kuma tsare mu daga cin haƙƙin wani. Wassalamu alaikum.